Tabawa da Zaren Mazari

A wani zamani mai tsawo, tun kafin a haƙa rijiyoyin da muke sha yanzu, an yi wani sarki mai suna Barmo a birnin Dutsen Azurfa. Allah ya ba shi 'ya guda, Gimbiya Yalwa, wadda ta fi kowa iya tsara waƙar gaɗa, har 'yanmatan birnin ba sa fara tafi sai ta ɗaga murya.

A unguwar marina kuwa akwai wata yarinya mai in'ina, ana kiranta Tabawa. Wata yamma a dandali Yalwa ta ji ta tana kokawa da sunanta, sai ta mai da wannan sarƙewar harshe amshin waƙa, yara suka kama tafi suna shewa. Kafin damina ta wuce waƙar ta shiga kowane lungu, tana jiran Tabawa a rijiya, tana bin ta kasuwa. Yarinyar ta koma zama bakin wani tsohon ramin rini tana kuka, har aljanin da ke cikinsa ya gaji da ɗanɗanon hawayenta, ya yi alkawarin raba ta da jin zafi. Tun daga ranar ƙafafunta suka fara zama dutse.

Aljanin ya bayyana a fada cikin baƙin hayaƙi, ya ce, "Ya kai sarki, ranar da dutsen nan ya kai zuciyarta, duk yaron da ya taɓa rera waƙar nan zai daskare inda yake. Ba abin da zai warware shi sai ɗaya daga cikinsu ya saurari maganarta har ƙarshe."

Sarki ya sa dogarai suka koro yara da bulala zuwa bakin ramin. Amma da Tabawa ta buɗe baki, sai wannan ya ƙarasa mata kalma don ya tsira da wuri, wancan ya rufe ta da ban haƙuri, wani dariyar tsoro ta kuɓuce masa. Suka koma gida da tabon bulala da sabuwar ƙiyayya, dutse kuwa ya kai ƙugu. Yalwa tana soro tana jin komai, ba ta faɗa wa ubanta bakin da waƙar ta fito ba.

Ana nan sai wata tsohuwa mai kaɗi ta iso fada da taskira da mazari, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, bulala tana tsayawa a fata. A ba ni gimbiya, in ba ta labari."

Aka kai ta soro. Ta ɗaura wa Yalwa bakin zare a ɗan yatsa, ta murza mazari, ta fara labarin wata yarinya a wata ƙasa, wadda kalmomi ke maƙale mata a wuya. Mazarin nan kuwa na tsafi ne: wanda ya riƙe zarensa, shi ne zai zama mutumin cikin labari. Nan take Yalwa ta ga kanta a tsakiyar dandali, bakuna sun kewaye ta, tana da magana mai daɗi a ƙirji amma harshe ya ƙi. Dariyar ta yi mata zafi, amma abin da ya fi yanka ta shi ne yadda ake fizge mata kalma kafin ta fito, a sa mata wadda ba ita take nufi ba.

Sai tsohuwa ta tsai da mazari.

Yalwa ta ce, "Iya, don Allah ki ƙarasa. A kashe wadda ta tsara waƙar!"

Tsohuwa ta ce, "'Yata, in kin yarda da wannan ƙarshe zan kaɗa shi. Amma ki fara duba fuskar mai waƙar."

Yalwa ta duba, ta ga fuskarta. Tsohuwa ta tsinke zaren, ta ce ragowar labarin ba a soro yake ba.

Gimbiya ta fita ba takalmi, ta iske dutse ya kai haƙarƙarin Tabawa. Ta zauna a ƙasa gabanta, ta ce, "Ni na tsara waƙar. Ina saurarenki." Tabawa ta fara. Kalmar farko ta sarƙe, ta sake sarƙewa, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Yalwa ta san abin da za a ce mata, amsa tana kan harshenta, ta cije shi har ta ji gishirin jini. Inuwa ta juya daga wannan gefen ramin zuwa wancan, sannan Tabawa ta kai ƙarshe da kanta:

"Ban yafe miki ba."

Dutse ya tsage ya zube, aljani ya nutse cikin raminsa, yaran birni suka tsira. Sai dai ƙafar Tabawa ta hagu ba ta sake lanƙwasuwa ba. Yalwa kuma ta faɗa wa ubanta gaskiya a gaban fadawa, ba ta ƙara tsayawa tsakiyar gaɗa ba.

Bayan shekaru aka ɗaura auren Tabawa da wani saurayi marini, sarki ya yi mata waliyyi. Yalwa ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Amarya ta hango ta, ta fara kiran sunanta. Kiran ya ɗauki lokaci, ba wanda ya taya ta, har ta ce, "Yalwa, shigo ki zauna."