Zan Iya, Amma Ba Zan Yi Ba

Akwai wani dattijo Bafulatani mai suna Belel, mutumin wajen Dapaong, a zamanin da Jamusawa ke riƙe da ƙasar Togo. Duk shekara yakan koro shanunsa zuwa kasuwar Sokode.

A wannan karon matarsa Dija ta biyo shi, goye da jikarsu Rahinatou, 'yar wata huɗu, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwa. An gwada wa jaririyar nonon shanu uku, duk amayarwa take yi. Na wata farar saniya kaɗai cikinta ya karɓa. Bayan ikon Allah, da saniyar nan yarinyar ke rayuwa.

Ranar kasuwa, kumandan barikin Sokode ya ratsa turken shanu a kan doki, idonsa ya faɗa kan farar saniya. Madara yake so ya riƙa zubawa a shayinsa na safe. Kun ji fa dalilin, jama'a. Ni har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da Ingilishi kumandan ke magana da tafintansa, don ba a cika samun mai jin Jamusanci ba. Tafintan kuwa Mahama ne, wanda ya yi shekara biyu a makaranta can bakin teku, ya dawo yana hura hanci kamar shi ya haifi Turancin.

Mahama ya nuna Belel da sanda. "Kai tsoho, Kumanda ya ce saniyan nan ya hau bariki yanzu yanzu."

Belel ya ce, "Ɗana, gaya masa ya yi haƙuri. Ba zan ba da ita ba."

Mahama ya kwashe da dariya. "Ba a gaya wa Bature haka. Ka bar min Turanci, ba abin masu warin nono ba ne."

Ya juya, ya cire hula, ya rusuna, ya ce, "He cannot, sir."

To, a nan gizo ke saƙa. Cannot na nufin ba zai iya ba, wato ƙarfinsa ne ya gaza. Ba abin da Belel ya faɗa ba ke nan. Mahama a ganinsa ladabi ya yi, alhali tsoro ne ya sa ya murɗe maganar.

Kumanda ya ɗaga kafaɗa. Ya ce tunda tsufa ya hana mutumin kora ta zuwa bariki, sojoji biyu su taimaka masa. Nan take suka zura wa saniya igiya. Dija ta fasa ihu, jaririya ta tsorata ta kama kuka.

Abin da Mahama bai sani ba, Belel ya yi shekara tara yana bin fataken goro tsakanin Salaga da Kumasi, a ƙasar da Ingilishi ke riƙe da ita. A can ya tsinci Ingilishi a bakin akawuna, bai dai taɓa yin tallarsa ba.

Ya tako gaban doki, ya cire malafarsa, ya ce a hankali, "Please, sir. I can. But I will not."

Wato: don Allah ranka ya daɗe, zan iya, amma ba zan yi ba. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, bai kuma bar wata ƙofa ba.

Fuskar kumanda ta yi ja. Ya ce mai ƙin umarni bulala ashirin da biyar ne rabonsa.

Belel ya tuɓe rigarsa, ya ninke ta, ya miƙa wa Dija. Ya faɗi dalilinsa da Ingilishinsa na fatake, sannan ya maimaita da Hausa don kasuwa ta ji: "Baya nawa ne, a doka. Nonon nan na marainiya ne, ba ni da ikon ba da shi."

Ya kwanta a ƙasa da kansa, ba wanda ya kayar da shi.

Bulala ta fara sauka. Ɗaya, biyu, uku. Dija ta juyar da kai tana hawaye. A ta bakwai sai Alassani, babban dillalin turke, ya tashi ya kwance shanunsa. Na kusa da shi ya kwance nasa. Kafin ka ce kwabo, rabin turke ya kama hanyar fita.

Alassani ya ɗaga murya: "Daga yau Salaga za mu kai. Ingilishi ma suna cin nama!"

Kumanda ya daka wa Mahama tsawa, me suke cewa, me ya sa ba za su tsaya ba? Mahama ya fara, "They cannot, sir..."

Daga ƙasa, da jini a bayansa, Belel ya ɗago kai ya gyara masa: "Will not, sir."

Wasu ba su ji Turancin ba, amma sun ga fuskar Mahama, kasuwa ta ɗauki sowa.

Kumanda ba tausayi ya ji ba, kada ku yi masa wannan zaton. Ya dai san manyansa na Lome za su tambaye shi yadda aka yi kasuwar shanu ta watse a hannunsa, ta koma ƙasar Ingilishi. Ya ɗaga hannu, bulala ta tsaya. Ya ce a cire igiya. Mahama kuwa, a gaban kowa ya karɓe sandarsa, ya ce ba ya buƙatar tafintan da ke ɓoye masa magana.

Dija ba ta jira an watse ba. A nan tsakiyar turke ta durƙusa ta tatsi farar saniya a ƙwarya. Belel na zaune a ƙasa, bai ko sa riga ba, ya ce a miƙo masa jikarsa. Shi ya ba ta da kansa, ta sha har kukan ya tsaya.

Darasi: Ladabi daban, tsoro daban. In ba za ka yi abu ba, kada ka fake da "ba zan iya ba", don azzalumi zai ce bari ya taimake ka. Ka ce "don Allah", ka ce "ranka ya daɗe", sannan ka faɗi a'arka a fili. Wanda kuma ya san harshe kaɗan, kada ya raina wanda ya yi shiru. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jin nauyin cewa a'a.