Oga Ku-Daidaita

An yi wani mutum, ya 'yan'uwa, shugaban aikin gini. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, sallarsa ma a sahun gaba yake yi. To mene ne zunubinsa? Yana son a kira shi oga, amma ba ya son nauyin da ke tafe da sunan.

Aka damƙa masa ginin bene mai hawa uku. A ƙarƙashinsa akwai injiniya, akwai shugaban kafintoci, wanda ƙanin matarsa ne. Sai ya ja injiniya gefe ya ce, "Wuƙa da nama suna hannunka." Ya zagaya bayan tulin yashi ya gaya wa kafinta haka nan. Bai taɓa tara su wuri ɗaya ya ce wane ke yanke wannan, wane ke yanke wancan ba. In suka zo masa da saɓani, amsarsa ɗaya ce: "Ku je ku daidaita." Har leburori suka laƙaba masa suna Ku-Daidaita.

Kada ku ce sakaci ne. Wallahi dabara ce! In aiki ya yi kyau, nasa ne. In ya ɓaci, akwai wanda za a shafa wa kashin kaji. Wani birkila ya taɓa matsar da ƙofa bisa ganinsa, mai gini bai so ba, a ranar oga ya sallame shi. Tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa.

Aka zuba kankaren hawa na biyu. Kun san yadda ake yi, ana tokare shi da sanduna daga ƙasa har ya bushe ya yi ƙwari. Injiniya ya ce sai kwana ashirin da ɗaya. Kafinta kuwa yana buƙatar sandunan a sama, mutanensa suna zaune ba aiki. Ran kwana na tara ya leƙa ofis.

"Yaya, in cire ko in bari?"

Oga ko ɗaga kai bai yi ba. "Kai da injiniya ku daidaita."

Kafinta ya tuna an ce masa shi ne mai wuƙa, ya sa aka cire. Injiniya yana can bayan fili yana auna katanga, hankalinsa kwance, don ya san ba mai taɓa sanda sai da izininsa.

Da hantsi oga ya shiga ƙarƙashin benen shi kaɗai, yana waya. Inna lillahi! Ƙara ɗaya aka ji, kankaren ya rufto.

Bai mutu ba. Ya farfaɗo cikin duhu, bakinsa cike da garin siminti, ginshiƙi ya danne masa cinyoyi, kankare kamu ɗaya daga hancinsa. Ba dama ya juya, ba dama ya cika ƙirji da iska. Sai wata 'yar kafa kamar bakin kofi, ta nan haske ke shigowa, ta nan yake jin muryoyi.

Aka kawo motar ɗaga kaya. Ya ji direban yana tambaya, "Ta ina zan ɗaga? Wa ke ba da umarni a nan?"

Injiniya ya ce ta gabas. Kafinta ya ce in aka taɓa gabas bango zai rufta wa oga. Direba ya ce, "Ni dai mutum ɗaya zai ce min ɗaga. In ya mutu, a san wanda ya ce."

Kowa ya tuna da birkila. Aka kira mai gini, ya ce, "Ku tambayi oganku." Ina ogan yake, jama'a?

Yana ƙasa yana ihu, "Injiniya ne! Ku bi injiniya!" Karon farko ke nan da ya ambaci sunan mai yanke hukunci. Amma ƙirjin a danne yake, muryar ba ta ƙetare kankaren ba. Abin da ya jiyo kawai, wani lebura yana kuka yana roƙonsu, "Don Allah ku daidaita mana!"

Sai bayan la'asar aka ciro shi. Likita ya ce da an kawo shi kafin azahar, da ƙafafun sun tsira. Duka biyun aka yanke. Yau yana wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan gidansa, ko ban ɗaki sai ya jira wanda zai ɗauke shi.

Ya 'yan'uwa, shugabanci amana ce, ba riga ba. In an ba ka mutane, a wurin aiki ne, a shago ne, ko kwamitin masallacin nan namu, tara su ka faɗa a gaban kowa: wannan kai ke yankewa, wancan a shawarce ka kawai, abin da ya gagara ya dawo wuyana. In wanda ka ba ya yanke ya kuskure, ka tsaya masa. Ka ɓoye bayan mutanenka yau, ranar hisabi bayan wa za ka ɓoye? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ya Allah, kada ka ɗora mana amanar da za mu zame mu bar wa na ƙasa da mu. Ka ba mu ƙarfin cewa "ni ne" tun bakinmu yana jiwuwa. Allah ya kiyaye mu.