Zakkar Tabawa ga Shugaban Asusun Lafiya

Sunan garin ya kwanta mini, ku yi haƙuri da tsufa. Amma ban manta Tabawa mai daddawa ba. Yanar ido ta rufe mata gani, sai ta je wurin Alhaji Barau, shugaban asusun lafiya, tana neman katin da ake yi wa talakawa aiki kyauta da shi.

Ya ce, "Iya, kina da gida?"

"Ɗaki biyu na ƙasa na gada. Ɗaya ya rushe da damina."

"A dokarmu, mai gida mai arziki ne. Ki sayar tukuna."

"In sayar in kwana ina, ranka ya daɗe?"

"Wannan ba aikin ofishina ba ne."

Ta ce, "Kai fa, ɗana, benen da kake ciki naka ne?"

Ya yi wuf ya ce, "Na gwamnati ne! Ko bulo ɗaya ban mallaka ba."

"Allah sarki! Ashe kai ne talakan, ni ce mai arzikin. To, ga salla ta matso, kai zan ba zakkar konona. Filin idi zan kawo maka gerona kafin a ta da salla, in sa sanƙira ya yi shela, ko sauran masu ɗakin ƙasa sa tausaya maka."

Gumi ya karyo wa Alhaji. "Haba Iya! Ai ba da gida ake gane talaka ba."

Tabawa ta miƙa hannu. "Madalla, ɗana. To, miƙo katin."