Matakin da Filibus Ya Goge

Akwai wani mutum, sunansa Filibus, yana aiki a ofishin wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse. Mai kamfanin, Baba Iliya, ya yi shekara talatin yana haƙa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya sa aka rubuta matakan aikin duka a cikin manhajar kwamfuta, guda goma sha biyu, daga duba fili har zuwa miƙa rijiya ga masu ita. Wannan jeri suke kira uwar tsari. Duk sabon aikin da aka buɗe, manhajar takan ɗebo masa kwafi daga uwar. In an gama mataki, alamarsa ta koma kore. Ba a rufe aiki sai duka sun yi kore.

Mataki na goma sha ɗaya kuwa shi ne a ɗebi ruwan a kwalba a kai ɗakin gwaji.

Wata rana aka haƙa wa wani mai buga bulo rijiya. Ruwan na kwaɓa siminti ne, ba mai sha. Mutumin yana gaggawa, mataki na goma sha ɗaya kuma ya hana a rufe aikin. Filibus ya ce a ransa, siminti ba ya ciwon ciki. Gaskiyarsa kuwa. Sai dai maimakon ya buɗe kwafin wannan aiki, uwar ya buɗe, ya goge matakin. Manhajar ta fito da gargaɗi, ya danna "na yarda" bai karanta ba, kamar yadda ya saba. Da ya ga aikin mai bulon bai rufu ba, sai ya goge matakin a kwafinsa ma, ya rufe, ya manta da uwar.

Aka yi wata biyar. An haƙa rijiyoyi bakwai, kowace ta zo da matakai goma sha ɗaya, kowace ta yi kore tsaf. Ba wanda ya ƙirga.

Ran nan wata tsohuwa ta shigo ofis daga ƙauyen da aka yi rijiya ta biyar. Ta dire gorar ruwa a kan teburin Filibus.

"Injiniya, na kawo maka tsaraba. Sha mana."

Filibus ya nemo aikin ƙauyensu, ya juya mata allon. "Mama, duba. Aikinku ya cika, duka kore ne."

"Ɗana, ni ban iya karatun talabijin ba. Jikokina uku na kwance da gudawa. In ya cika, ka sha."

Bai sha ba. Ya zauna ya ƙirga matakan da yatsa, ya sake ƙirgawa. Sa'an nan ya tuna da mai bulo.

Ya mayar da matakin cikin uwar tsari nan take, ya je ya faɗa wa Baba Iliya komai.

"Na gyara, Baba. Daga yau ba za a sake ba."

"Ka gyara na gobe," in ji tsohon. "Buɗe bakwai ɗin nan mu gani."

Filibus ya buɗe. Suna nan yadda suke, matakai goma sha ɗaya, kore shar. Gyaran uwa bai taɓa su ba.

Baba Iliya ya miƙa masa makullin babur da kwalabe bakwai. Kwana tara Filibus ya yi a hanya, yana tsayawa gaban kowane mai unguwa yana cewa, "Ni na yi kuskure, a dakata da shan ruwan nan." Da aka gwada ruwan, rijiyoyi biyar suka fito lafiya. Biyu aka rufe, har da ta ƙauyen tsohuwar, domin ruwan wani tsohon masai yana tsiyaya cikinta. Yaran sun warke.

Ma'anar wannan misali ita ce, uwar tsari zuciyar mutum ce, inda Maganar Allah ta rubuta masa yadda zai yi tafiya. Kowace safiya ranarka takan ɗebo kwafi daga can. Yawancinmu ba mu taɓa tashi da niyyar barin hanyar Ubangiji ba. Wata rana ce kawai muka ce, yau dai akwai dalili, bari in tsallake addu'a, bari in ɓoye wannan gaskiya. Muna zaton ranar kaɗai muka taɓa, ashe ma'aunin muka taɓa. Daga nan lamiri ya daina damunmu, domin abin da zai tambaya an riga an goge shi. Shirun lamiri ba shaidar tsarki ba ne. Shi ya sa muke komawa ga Maganar, mu ƙirga.

Mu lura kuma, tuba takan gyara abin da ke gaba, Allah kuwa mai gafara ne. Amma akwai mutanen da har yanzu suke shan abin da muka haƙa musu a waɗannan watanni, a gida, a wurin aiki, a cikin ikkilisiya. Su ba su san mun tuba ba. Kowa ya san ƙauyen da ya kamata ya fara zuwa a makon nan.