Hukuncin Sarkin Tasha a Kan Kukan Giya

An ce wai a wani gari an yi wani sarkin tasha mai suna Barmo, tsohon direba ne da ba ya yanke hukunci sai ya gani da idonsa.

Wata rana 'yan'uwa biyu suka zo gabansa, Tanimu da ƙaninsa Sallau. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu a-kori-kura guda, da ita suke ciyar da gida.

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, Sallau ya kashe motar baba. Duk sanda zai tashi, giya sai ta yi ƙwaram! A karɓe makulli a hannunsa, ko mu raba gari."

Sallau ya ce, "Wallahi Yaya, ban yi mata komai ba." Idonsa ya ciko da ƙwalla.

Barmo ya sa Sallau ya tayar da motar. Ya taka kuloci, ya tura giya, ta yi ƙwaram. Sai Barmo ya ce Tanimu ma ya hau. Shi ma ta yi masa ƙwaram.

Barmo ya ce, "To, ga hukuncina. Kowannenku ya taka kuloci har ƙasa, ya karanta bisimilla a natse, sannan ya sa giya."

Tanimu ya gwada, giya ta shige sumul. Sallau ma haka.

Dattijon ya ce, "Albarkar bisimilla tana nan, amma ku ji dalili. Kun ga injin niƙa, in an kashe shi, ba nan take yake tsayawa ba. Haka ƙarfen cikin giya: ko an taka kuloci, sai ya ɗan ci gaba da juyawa. In ka tura masa haƙoran da ke tsaye, dole su yi karo. Lokaci kaɗan yake roƙonku. In kun jira bai daina ba, a duba kuloci, ba a tuhumi ɗan'uwa ba."

Tanimu ya kama hannun ƙaninsa ya ce, "Yafe mini." Suka durƙusa tare a gaban Barmo, Tanimu ya ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri. Mota muka kawo, ka gyara mana gida."

Masu hikima suka ce: abin da ke juyi, a bar shi ya tsaya kafin a taɓa shi, ƙarfe ne ko zuciya.