Gulmar da Muka Ce wa Amin

An yi wani mutum a nan ƙetaren kogi, a shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, saboda haka masu satar kallon maƙwabcinsu su juyo su dube ni. Ba ya cikin ɗakin nan.

Mutumin nan ya yi shekara goma sha biyu yana aiki a masaƙa a Kakuri. Da aka rage ma'aikata, sallama ta faɗo kansa, sai ya buɗe ɗan shagon gyaran rediyo a Narayi. Kuma ya iya gyara, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Rediyon da ya shekara bai ce uffan ba, in ya shiga hannunsa da safe, kafin la'asar yana waƙa. Kullum akwai uku ko huɗu a kunne a shagon, wannan ya kamo Landan, wancan Jamus, ɗayan Kaduna. Mutane suka ɗauka ba abin da ke faruwa a duniya da bai biyo ta kunnensa ba. Shi kuma bai taɓa gyara musu wannan zaton ba.

Manyan cikinku za su tuna lokacin. A zamanin soja, in mutum zai yi maganar gwamnati sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya. Da aka ce mulki ya dawo hannun jama'a, baki ya buɗe, kowa ya zama ɗan jarida. Har mai gasa masara tana da nata sharhin kan majalisa.

Abu ɗaya mutumin nan yake so a duniya, ya zama dattijon ikilisiya. Sau biyu ana sa sunansa a zaɓe, sau biyu yana faɗuwa da 'yan ƙuri'u kaɗan. Abin yana cin ransa ƙwarai. Ga wani zaɓen yana zuwa a watan Disamba, ya kuwa ƙudura cewa wannan karon sai ya zauna a kujerun gaba.

To, a daminar shekarar nan aka yi wani abin baƙin ciki. Aka tsinci gawar ɗalibai biyu na wata kwaleji a gefen layin dogo. Bayan mako uku aka tsinci na uku. 'Yan sanda suka yi ta bincike, ba a kama kowa ba. Ina gaya muku, har yau da nake tsaye a gabanku ba a san wanda ya yi ba.

Tsoro ya shiga unguwa, ya kawo ƙanwarsa jita-jita. Wasu suka ce 'yan ƙungiyar asiri ne na cikin makaranta. Wasu suka ce matsafa ne. Wasu suka ce sababbin 'yan siyasa ne ke neman ƙarfin kujera. Mai shayi ya koma kwashe kayansa tun rana ba ta faɗi ba. Ɗalibai in za su sayi sukari sai su fito su goma. Akwai wata baiwar Allah da ta bar mijinta tsaye a ƙofa rabin awa, wai bugun ƙofar da ya yi bai yi kama da nasa ba. Kuna dariya, amma a lokacin shi kaɗai ne bai yi dariya ba, domin ruwa ake yi.

Yanzu ku saurara, domin a nan maganar take. Kun san al'adarmu ta taron addu'ar Laraba. Bayan waƙa, mai bi da sujada zai ce, "Akwai mai buƙatar addu'a?" Mutum ya miƙe ya faɗi abin da ke damunsa, a sunkuyar da kai, a roƙa, a ce Amin. Al'ada ce mai kyau. Amma ku gaya mini, wa ya taɓa tsayar da mai buƙatar addu'a ya ce masa, "A ina ka ji?" Ba a yi. A kasuwa in ka faɗi magana za a ja da kai. A shago za a ce ka kawo shaida. A taron addu'a kuwa kowa ya rufe ido, ya buɗe kunne.

Mutuminmu ya gano wannan ƙofa. Ni a lokacin ƙaramin mai bishara ne, ina zaune kusa da fasto, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Laraba ta fari ya miƙe, ya gyara murya, ya ce, "'Yan uwa, mu roƙi Ubangiji domin masu kashe yaran nan. Akwai abin da ya shigo kunnena wanda ba zan iya faɗa ba tukuna. Amma ba daga nesa suke zuwa ba." Ya zauna. Aka yi addu'a, aka ce Amin, aka tashi. Rannan sai da ya yi awa guda kafin ya kai bakin ƙofa, don masu gaisuwa. Washegari Madam Edith, shugabar zumuntar mata, ta aika masa da kwanon faten acca, wai ya samu ƙarfin ɗaukar nauyin da Allah ya ɗora masa.

Me ya shigo kunnensa? Ba komai. Ƙarar rediyo ce kawai.

Laraba ta biyu, mu da muka saba zama mutum goma sha bakwai, sai ga bencuna sun cika. Fasto ya raɗa mini cewa farkawar ruhaniya ta zo. Ni ma na yarda, har na yi godiya ga Allah a fili. Mutuminmu ya miƙe ya ce, "Mu ci gaba da roƙo. Ina dai cewa iyaye su lura da irin motar da 'ya'yansu ke shiga." Amin ta rannan har a titi an ji ta.

Kun san halin mai ba da labari. In ka ba mutane loma ɗaya yau, gobe biyu za su nema. Laraba ta uku ta zo, mutumin nan ba shi da sabon abu. Sai dai da hantsin ranar, wata bas ta wuce ta gaban shagonsa ta faɗa rami, ta watsa masa taɓo a farin wandonsa. Gilashin bayanta a fashe yake, an liƙe da baƙar leda. Da yamma da aka ce akwai mai buƙatar addu'a, ya miƙe, ga ɗaki cike har da na tsaye a taga, ya ce, "Ban kira sunan kowa ba, Allah ya sani. Amma mu roƙa wa masu tuƙa motocin da ake rufe bayansu da leda, don kada a ga abin da ke ciki."

Ya 'yan uwa, bas ɗaya ce tak a duk Narayi mai leda a baya. Ta Daniel ce, wani mutumin Filato mai 'ya'ya huɗu, wanda ke jigila tsakanin Narayi da Kakuri, ran Jumma'a kuma ya je ƙofar kwaleji ya kwaso ɗalibai masu tafiya gida. Matarsa Ladi tana tuyar masa a bakin layi. Laifinsa ɗaya, bai ga rami ba.

Kafin Lahadi ledar nan ta yi 'ya'ya. Wannan ya ce an ga jini a kujerar baya. Waccan ta ce dama idon Daniel bai taɓa kwanta mata ba. Kowa kuma in zai faɗa sai ya fara da cewa, "A coci aka faɗa." Daniel ya tsaya a tasha, fasinja su leƙa su ja da baya. Masar Ladi ta yi ta kwana a tanda. Ran nan samari suka tare shi da tsakar rana, suka farfasa sauran gilasan, suka yi masa dukan da ya karya masa hannu. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi da ƙyar. Da suka bincika, suka tarar a makon da aka kashe ɗalibai biyun farko motarsa tana kan duwatsu a garejin bakanike, ba ko taya. Suka sake shi. Amma unguwa ba ta sake shi ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Gonin Gora, yana taya masu doya tsaron kaya a bakin hanya da hannu ɗaya.

Da aka gaya wa mutuminmu, sai ya buɗe tafin hannu ya ce, "Ni na kira suna? Addu'a kawai na nema." Wannan magana ta fi ba ni haushi a duk labarin, domin ni ma a lokacin na ga kamar yana da gaskiya.

Sunansa kuwa sai ƙara hawa yake. Aka sa shi na farko a jerin masu takarar dattijo. Har ya fara tafiya da hannu a baya, yana amsa gaisuwa da ka.

Saura mako biyu zaɓe, ran Laraba, wani tsoho baƙo ya shigo taron addu'a. Rigarsa duk ƙurar mota, a hannu ɗaya ƙullin busasshiyar citta, a ɗayan jan zakara ɗaure da ƙafa. Ya zauna a baya. Zakaran ya yi cara a tsakiyar waƙa, yara suka tuntsire da dariya, har fasto ya murmusa. Da aka ce akwai mai buƙatar addu'a, kafin mutuminmu ya gama gyara murya, tsohon ya riga shi miƙewa.

Ya ce, "Sunana Mamman, manomi ne ni daga bayan Kachia. Alexander, yaron da aka tsinta na uku, ɗana ne. Shi kaɗai na iya kaiwa kwaleji. Uwarsa ba ta barci. Labari ya iso har ƙauyenmu cewa a cocin nan akwai bawan Allah da ya san waɗanda suka yi. Ba faɗa na zo yi ba, ba kuma ramuwa nake nema ba. So nake in koma in gaya wa uwarsa ko wane ne, da dalili, ko zuciyarta ta kwanta. Buƙatata ke nan. Ku roƙa mini mutumin nan ya faɗa mini. Ga 'yar godiyata na riƙo masa."

Ba wanda ya rufe ido rannan. Duk ɗakin ya juya wuri ɗaya.

Mutuminmu ya tsaya. Ya ce, "Baba, ai irin wannan magana ba a yin ta a cikin jama'a."

Tsohon ya ce, "To mu fita waje, ɗana. Ni da kai."

Ya ce, "Wato, abin da ya shigo kunnena, ban gama tabbatarwa ba."

Tsohon ya ce, "Ko rabinsa ne ka ba ni. Na yi tafiyar yini guda."

Fasto ya miƙe ya kira mutuminmu da sunansa, ya ce, "A gaban Allah da ikilisiyarsa, me ka sani?"

Mutuminmu ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya ce, da muryar da sai na gaba suka ji, "Ban san komai ba."

Madam Edith ta ce, "Ledar fa?"

Ya ce, "Taɓo motar ta watsa mini."

Baba Mamman bai zage shi ba. Da ma ya zage shi, da abin ya zo da sauƙi. Ya tako a hankali har gabansa, ya ajiye cittar da zakaran a ƙafafunsa, ya ce, "Na riga na ce wa uwarsa naka ne. Ba zan koma da su ta gani ba." Ya juya ya fita. Na bi shi har tasha.

Sauran labarin gajere ne. Dattawa suka cire sunan mutumin nan daga takara, suka sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya, shi da ya yi shekaru yana hangen kujerar gaba. 'Yan sanda suka ji, suka ɗauke shi mako guda suna tambayarsa abin da ya shigo kunnensa. Kafin ya fito, masu rediyo sun zo sun kwashe kayansu, wasu ma cikinsu a buɗe, wayoyi na reto. Ba wanda ya sake zama a bencin shagonsa. In ya ce ina kwana, sai mutum ya dubi sama ya tabbatar safiya ce. Kafin Kirsimeti ya rufe shago ya bar garin, bai yi sallama da kowa ba.

Ya 'yan uwa, me ya rushe mutumin nan? Bai yi sata ba, bai sha giya ba, bai ɗaga hannu ya bugi kowa ba. Ƙarya ya yi wa wanka, ya sa mata kayan Lahadi, ya kawo ta gidan Allah. Ya ga mutane cikin tsoro, maimakon ya kwantar musu da hankali sai ya mai da tsoronsu tsani. Jinin 'ya'yan mutane ya zama masa abin neman ƙuri'a.

Amma kada ku yi saurin girgiza kai. Shi kaɗai ya karya hannun Daniel? Wa ya cika bencuna? Wa ya fita da maganar zuwa kasuwa da famfo? Mu ne. Na je Gonin Gora daga baya na roƙi Daniel gafara, ya ce ya yafe, Ladi har ta ba ni ruwa. Hannun dai bai miƙe ba har yau.

Saboda haka in abin tsoro ya faru a unguwa, ba ka san wanda ya yi ba, ka ce ban sani ba. Ba a taɓa kwantar da mutum asibiti don ya faɗi haka ba. In za ka kawo buƙatar addu'a, kawo taka. In ta wani ce, ka fara zuwa wurinsa ya ba ka izini. In kuwa ka ji buƙatar addu'ar da ta sa kunnenka ya yi daɗi maimakon zuciyarka ta yi nauyi, ka riƙe bakinka, ka sami mai maganar bayan an tashi, ka tambaye shi a ina ya ji.

Mu sunkuyar da kai. Ya Ubangiji, kai kaɗai ka san abin da ya faru a gefen layin dogon nan, ka ta'azantar da iyayen da har yanzu suke jiran amsa. Ka ba mu ƙarfin halin yin shiru a inda ba mu sani ba. Allah ya kiyaye mu, ya kuma kiyaye bayinsa daga bakinmu. Amin.