Magudanar da Waziri Ya Toshe

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya kuɓuce mini, don tsufa ya fara kwashe mini sunaye, an yi wani sarki mai birni kewaye da ganuwa. A gindin ganuwar, wajen da ƙasa ta gangara zuwa Unguwar Kwari, akwai magudana da kakanni suka bari, ta nan ruwan damina ke ficewa.

Wata rana ɓarawo ya sace takobin Sarki, ya sulale ta magudanar nan. Sarki ya tara fada, ya ce a ba shi shawara.

Waziri Jatau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a toshe ta da tubali, a huta."

Sarkin Magina, wani tsoho da ake kira Nomau, ya gyara zama. Ya ce, "Ran Waziri ya daɗe, ɓarawo ɗaya ne ya bi ta nan. Shi kuma ruwan Agusta, Waziri zai tsaya a ƙofa ya nuna masa hanya ne? A gitta mata ƙarafa dai: ruwa ya wuce, mutum ya kasa."

Fada ta kece da dariya, har Sarki ya rufe baki da hannun riga. Nan take Jatau ya gane Nomau ne mai gaskiya. Wannan kam ban manta ba: ya gane. Amma dariyar ta shige masa rai. Ya dage, ya ce tsohon ya raina fada, har ya sa aka kore shi daga birni, aka toshe magudana.

To, mahaifiyar Waziri, Inna Tasalla, a Unguwar Kwari take, ta ƙi barin gidan mijinta. Da aka yi ruwan fari, ruwa ya kwanta mata a tsakar gida har idon sawu, sai ta aika aka kira shi.

Ta ce, "Kai, dubi kajina a kan katanga. Je ka buɗe ramin nan, ka daina taurin kai irin na ubanka."

Ya ce, "Inna, zan buɗe. Bari dai maganar ta lafa a fada."

Kwana tara ya ƙara, ko goma sha biyu, Allah ne masani. Ranar wata Laraba da la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya gangaro, ya iske tubali, ya juyo kan gidaje. Mutum goma sha uku aka tono daga ƙarƙashin laka. Ta bakwai Inna Tasalla ce.

Bayan addu'ar uku Sarki ya zauna shari'a. Ya ce, "Wa ya kashe mini talakawa? Ruwa, ko ganuwa, ko hannu?"

Malamai suka ce ruwa bawan Allah ne, ba a ɗaure shi. Fadawa suka ce ganuwa ba ta da rai, sai dai hannun da ya jera tubali. Aka jawo magina huɗu, dogarai suka fara warware igiya.

Sai Jatau ya miƙe, ya kwance rawaninsa da kansa, ya ajiye a gaban Sarki.

Ya ce, "A sake su. Ni na sa su. Kuma ba kuskure na yi ba, ranka ya daɗe, na sani tun a ranar. Dariya na gudu, na ba da uwata."

Sarki ya ce, "Ni ma na yi dariyar, kuma na sa hannu a korar." Ya sa aka sallami magina, aka gina wa mutanen Kwari gidaje daga taskarsa, aka tafi da doki aka dawo da Nomau, ya gitta ƙarafansa.

Jatau kuwa abu ɗaya ya roƙa: a bar masa sharar magudana. Kowace damina, har ya tsufa, akan gan shi durƙushe cikin taɓo yana kwashe shara da hannu. Masu wucewa sukan ce, "Waziri, ina gajiya?" su yi dariya. Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa, sai ya tabbatar ruwa yana wucewa.

Iyakar abin da ya rage mini ke nan. Allah Ya yafe masa, Ya yafe mana.